Yadda Ake Hasashen Cinikin Fim da Lambar Yabo Tun Kafin Ya Fito

Kusan shekara goma ke nan muna wannan abu a majalisarmu ta wurin mai shayi a Tudun Wada, nan Kaduna. Da an sa ranar fitar wani babban fim, sai kowa ya faɗi nawa yake ganin zai kawo, ni kuma in rubuta a littafi. Ba kuɗi muke sawa ba, caca ba tamu ba ce. Wanda hasashensa ya sha ƙasa tsokana kawai zai sha har sati ya zagayo. Kwanan baya wani ƙanena da ya buɗe shafin sharhin fina-finai a Facebook ya tsare ni da cewa, "Yaya, wai duba kake yi ne?" Na ce masa babu duba a ciki, tambaya biyu ce kawai. Idan ciniki ake magana, wa zai cire kuɗi ya sayi tikiti? Idan lambar yabo ce, wa zai kaɗa ƙuri'a? A mafi yawan lokuta amsar ba kai ba ne, ba kuma 'yan majalisarku ba, kuma nan ne sababbin shiga suke faɗuwa.

Kayan aiki

Littafin rubutu mai layi da biro. Idan ka iya Excel ko Google Sheets a waya, ya fi sauƙin lissafi, amma ni har yau littafi nake riƙewa, don ba ya mutuwa idan an ɗauke wuta.

Waya mai data da kalkuleta.

Inda za ka riƙa samun alƙaluma. Na fina-finan Amurka suna nan kyauta a Box Office Mojo da The Numbers. Na Najeriya, ƙungiyar masu gidajen sinima, CEAN, tana fitar da cinikin mako-mako, jaridu kuma suna ɗauka.

Kalanda mai ɗauke da Miladiyya da Hijira tare. Za ka ga amfaninta a mataki na 4.

Sai mutum biyu ko uku da ke zuwa sinima da kuɗinsu a Legas ko Abuja, waɗanda ɗanɗanonsu ya saɓa da naka. Idan ba ka da kowa a can, ka riƙa karanta abin da 'yan kallo na can suke rubutawa a X da Instagram ranar Juma'ar da fim ya fito.

KASHI NA FARKO: CINIKI

1. Fayyace kasuwar da kake nufi

Kada ka ce "fim ɗin zai kawo miliyan 300" ka yi shiru. Miliyan 300 na me, a ina, zuwa yaushe? A Amurka, alƙaluman da suke kira na cikin gida sun haɗa da Kanada. Alƙaluman da ake kira na Najeriya sau da yawa sun haɗa da Ghana da Laberiya. 'Yan Indiya kuwa da kuror suke ƙirga, kuror ɗaya rupi miliyan 10 ne, kuma suna bambanta jimillar kuɗin tikiti da abin da ya rage bayan an cire haraji. Na sha ganin mutum biyu suna musu har jijiyar wuya, ashe ɗaya cinikin duniya yake faɗa, ɗayan na cikin Indiya kaɗai.

Rubuta a saman shafi: sunan fim, kasuwa, nau'in kuɗi, da abu biyu da za ka hasasa, wato cinikin Juma'a zuwa Lahadi na farko da kuma jimillar ƙarshe.

2. Nemo masa takwarori

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin. Nemo fina-finai uku zuwa biyar da suka riga suka fito waɗanda suka yi kama da wanda kake hasashe a kai: iri ɗaya (barkwanci, faɗa, tsoro, soyayya, tarihi), jarumai masu nauyi ɗaya, kamfanin rarrabawa ɗaya ko mai ƙarfi irin nasa, kuma a irin watan. Ga kowanne ka rubuta abin da ya buɗe da shi (cinikin Juma'a zuwa Lahadi na farko), abin da ya ƙare da shi, da yawan gidajen sinimar da suka nuna shi.

Kuskuren da kowa yake yi a nan shi ne zaɓo zakaru kaɗai. Mutum zai ce sabon fim ɗin barkwanci zai kai biliyan tunda A Tribe Called Judah na Funke Akindele ya kai. Gaskiya ne ya kai, shi ne ma fim ɗin Najeriya na farko da ya haura naira biliyan 1, bayan fitarsa a Disambar 2023. Amma dubi tsanin da matar ta hau kafin nan: Omo Ghetto: The Saga a 2020 ya haura miliyan 600, Battle on Buka Street a 2022 shi ma haka, sannan Everybody Loves Jenifa na Disambar 2024 ya wuce biliyan 1 da rabi. Fim ɗinta takwaran fim ɗinta ne kawai. Idan furodusan da kake dubawa bai taɓa wuce miliyan 100 ba, ka nemo masa sa'o'insa, kuma dole ka sa aƙalla fim ɗaya da ya faɗi a cikin jerin, don ka san inda ƙasa take.

Idan ka rasa takwara sak, misali sabon darakta da sababbin fuskoki, to ka bar maganar jarumai ka dogara da kamfanin rarrabawa da watan fitarwa. Su biyun sun fi faɗin gaskiya a irin wannan hali.

3. Mayar da kuɗi zuwa kawunan mutane

Naira ta 2016 ba ita ce ta yau ba, kowa ya san wannan a kasuwar Barci, amma da an zo maganar fim sai a manta. The Wedding Party, wanda ya fito a 2016 ɗin, ya kawo sama da miliyan 450 a lokacin da tikiti bai kai rabin kuɗinsa na yanzu ba. Cinikin gidajen sinima gaba ɗaya ya tashi daga biliyan 7 da wani abu a 2023 zuwa sama da biliyan 11 a 2024, alhali yawan masu shiga bai ƙaru da wani abin kirki ba. Farashi ne ya tashi.

Saboda haka ka raba cinikin kowane takwara da matsakaicin kuɗin tikiti na shekararsa, ka sami yawan mutanen da suka shiga. Sannan ka ninka wannan adadi da kuɗin tikitin yau. Idan ba ka sami farashin wancan lokaci ba, ka taƙaita takwarorinka ga na shekara biyu da suka wuce.

4. Buɗe kalanda

A Najeriya Disamba ce kakar sinima: hutu, baƙi daga ƙasashen waje, kuɗi a hannu. Ista na biye. A Amurka bazararsu ce, daga Mayu zuwa Agusta, sai ƙarshen shekara. A Indiya manyan fina-finai suna rububin bikin Diwali na Hindu da Sallah, shi ya sa Salman Khan ya daɗe yana ajiye nasa sai ƙaramar Sallah. A wurinmu kuwa azumi yana kwantar da harkar kallo, Sallah ta tashe ta, kuma tunda watan yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, kalandar Miladiyya kaɗai za ta yaudare ka.

Sannan ka duba wa zai fito tare da shi. Allo a sinima ƙidayayye ne. Idan ƙaramin fim ya faɗo mako ɗaya da wani ƙato na kamfanin Marvel na Amurka, za a tura shi nunin ƙarfe 11 na safe, lokacin da kowa ke wurin aiki. Ka kuma duba abin da ke faruwa a ƙasa. Farkon 2023 an yi ƙarancin takardun naira ga zaɓe, a ƙarshen Mayu kuma aka cire tallafin fetur. Wanda ke lissafin kuɗin mota ba ya lissafin gugguru.

5. Lissafa buɗewa daga kujeru

Wannan hanya ta biyu ce da za ka gwada amsar da takwarori suka ba ka. Ninka yawan gidajen sinima da yawan nuni a rana, da kwana 3, da yawan mutanen da kake zaton za su zauna a kowane nuni, da kuɗin tikiti.

Ga misali na ƙirƙira don koyo. A ce sinima 60 za su nuna fim, sau 4 a rana, kwana 3: nuni 720 ke nan. A ce mutum 25 a kowane nuni: mutum 18,000. A ce tikiti naira 5,000: miliyan 90. Yanzu sauke mutanen zuwa 15, za ka sami miliyan 54. Ɗaga su zuwa 35, miliyan 126. Idan takwarorinka sun buɗe tsakanin miliyan 70 da 100 bayan ka daidaita farashi, to hanyoyin biyu sun haɗu, sai ka rubuta: ƙasa 70, tsakiya 85, sama 100. Idan suka yi hannun riga, akwai abin da ka ɗauka ba daidai ba, kuma yawanci yawan mutanen kowane nuni ne ka cika wa gishiri. Zauren da ka gani a bidiyo cike maƙil ranar bikin buɗewa gayyata ce, ba ciniki ba.

6. Auna zumuɗin jama'a, amma da taka-tsantsan

Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Duba tirela, wato guntun tallan fim: mutum nawa suka kalla a kwanan farko idan aka gwada da tirelar takwarorinsa? Shiga Google Trends ka sa sunan fim, ka zaɓi Najeriya, zai nuna maka jihohin da aka fi nemansa. Wannan taswira tana da muhimmanci ƙwarai. Yawancin gidajen sinimar ƙasar nan a Legas da sauran biranen kudu da Abuja suke. Idan masu neman fim daga Kaduna, Kano da Katsina suke, farin jini ne na gaske, amma babu isassun tagogin sayar da tikiti a kusa da su.

A nan na taɓa shan kunya. Wani fim mai jaruman Arewa ya cika mana waya, duk inda ka zauna daga Kawo zuwa Barnawa maganarsa ake. Na faɗi adadi mai kauri. Da alƙaluma suka fito, ko kashi ɗaya cikin huɗu bai kai ba. Sai na tambayi 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya: wa ya hau jirgin ƙasa daga Rigasa ya je Abuja ya kalla? Babu ko ɗaya, har ni. Duk jira muke ya sauka a waya.

Ƙa'idata tun daga ranar: zumuɗi yana iya matsar da hasashena sama ko ƙasa da kashi 20 cikin 100, ba ya wuce haka. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

7. Daga buɗewa zuwa jimilla: ninki

Raba jimillar cinikin fim da abin da ya buɗe da shi, amsar ita nake kira ninki. Talla ce take kawo mutanen makon farko. Daga nan bakin waɗanda suka kalla ne yake kawo saura, ko ya kore su.

Misalai biyu daga Amurka sun isa. Batman v Superman a 2016 ya buɗe da dala miliyan 166, mako na biyu ya faɗi da kusan kashi 69 cikin 100, ya ƙare a miliyan 330. Ninkinsa 2 ke nan. Top Gun: Maverick a 2022 ya buɗe da miliyan 126, mako na biyu ya sauka da kashi 29 kacal, ya ƙare sama da miliyan 700, ninki fiye da 5. Wanda ya kalli makon farko kaɗai zai ce na farkon ne gwani. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Kafin fim ya fito, ka ɗauki matsakaicin ninkin takwarorinsa. Manyan fina-finan Amurka sukan tsaya wajen 2 da rabi zuwa 3. Na tsoro da masu mabiya 'yan gani-kashe-ni, waɗanda ke rububin ranar farko, sukan yi ƙasa. Na yara da iyali, da duk wanda ya fito tsakiyar Disamba, sukan yi sama sosai, don ranakun hutu kowace rana kamar Asabar take. Bayan ya fito kuma sai ka gyara. Ga fina-finan Amurka akwai CinemaScore, masu tambayar 'yan kallo a daren farko su ba da maki daga A+ zuwa F. Babban fim da ya sami B, ka rage masa ninki. Makin masu sharhi a shafin Rotten Tomatoes yana da amfani, amma ra'ayin wanda ya biya kuɗi ya fi shi nauyi a wannan mataki. Ga na Najeriya, a nan ne mutanenka na Legas da Abuja za su yi maka rana. Tambaya ɗaya za ka yi musu: za ka ce wa ƙanwarka ta je ta kalla da kuɗinta?

8. Ciniki daban, riba daban

Gidajen sinima suna riƙe kusan rabin kuɗin tikiti, mai rarrabawa ya cire nasa, ga haraji, ga kuɗin talla da ba ya cikin kasafin da ake sanarwa. Shi ya sa ake cewa fim ɗin Amurka sai ya kawo ninki 2 zuwa 2 da rabi na kuɗin yin sa kafin a fara maganar riba. Ka kuma yi hattara da kasafin da furodusa ya faɗa da bakinsa a hira.

9. Idan fim ɗin Hausa ne

An yi lokacin da Filmhouse ta Ado Bayero Mall a Kano ke nuna fina-finan Kannywood a kai a kai, amma yanzu ƙarfin masana'antar ya koma masu dogon zango a YouTube da tashoshi irin su Arewa24. To sai ka canza ma'auni, tsarin yana nan yadda yake. A madadin buɗewa, ka rubuta yawan kallo a awa 24 na farko. A madadin ninki, ka gwada kashi na 5 da kashi na 1: idan ya riƙe fiye da rabin masu kallonsa, labarin ya kama. Takwarori su ne shirye-shiryen da suka gabata a wannan tashar dai, ba na wata mai mabiya ninkin nata ba. Kada kuma ka mayar da yawan kallo zuwa naira kai tsaye, don abin da YouTube ke biya ya danganta da ƙasar da mai kallo yake da irin tallan da aka sa.

KASHI NA BIYU: LAMBAR YABO

10. Gano masu ƙuri'a

Ajiye alƙaluman ciniki gefe, nan wata kasuwa ce. A Oscar, babbar lambar yabon fim ta Amurka, mambobin ƙungiyar da ke bayar da ita, wato Academy, su ne ke zaɓe, mutum wajen 10,000 masu aikin fim, kuma 'yan wasa ne rukuni mafi girma a cikinsu. AMAA, lambar yabon fina-finan Afirka wadda marigayiya Peace Anyiam-Osigwe ta kafa a 2005, alƙalai ne ke yanke hukunci. AMVCA, lambar yabo ta tashar Africa Magic da aka fara a 2013, gauraye ce: wasu rukunai na alƙalai, wasu na ƙuri'ar jama'a, kuma rabon yana canzawa, don haka ka karanta sanarwar shekarar kafin ka buɗe baki. A rukunin jama'a ka duba wa ya fi mabiya masu himmar kaɗa ƙuri'a. A na alƙalai ka duba aikin kyamara, sauti, rubutu da nauyin jigo. The Milkmaid, wanda aka yi mafi yawansa da Hausa, bai yi tashe a sinima ba, amma ya ɗauki kambun fim mafi kyau a AMAA ta 2020, Maryam Booth kuma ta ci na mataimakiyar jaruma.

11. Fahimci yadda ake ƙirga

A rukunin fim mafi kyau na Oscar, mai zaɓe jera fina-finan yake daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Idan babu wanda ya haura rabi, sai a cire na ƙarshe a raba takardunsa ga zaɓinsu na gaba, a yi ta haka har wani ya haura. Ma'ana, fim ɗin da kowa ya sa a na biyu ko na uku yana iya kayar da wanda rabi ke mutuwar so rabi kuma ba sa son gani. Yawan shiga takara ma ba tabbas ba ne. A 2022 The Power of the Dog ya shiga rukuni 12 ya tashi da 1, CODA ya shiga 3 ya cinye duka, har da babban.

12. Bi sawun kakar

Zana tebur, fina-finai a gefe, bukukuwa a sama. Fara da bikin baje kolin fina-finai na Cannes a Faransa a Mayu, sai irinsa na Venice da Toronto a wajen Satumba, kuma a Toronto kyautar zaɓin 'yan kallo ce abin lura. Golden Globes a Janairu tana da amo, amma masu zaɓenta 'yan jarida ne, ba mambobin Academy ba, saboda haka rabin maki nake ba ta. Masu nauyi su ne ƙungiyoyin ma'aikatan fim, don mutanensu ne za su sake zaɓe a Oscar: PGA ta furodusoshi, wadda ke ƙirga irin na Oscar, DGA ta daraktoci, wadda da wuya zakaranta ya faɗi, SAG ta 'yan wasa, sai BAFTA ta Ingila. Jarumin da ya haɗa SAG da BAFTA, rubuta sunansa da biro. Idan suka rabu, rubuta da fensir.

Teburin ma yana kuskure. A 2020 na bi shi ido rufe na zaɓi fim ɗin 1917, tunda ya ci PGA da DGA da BAFTA. Parasite na Koriya ta Kudu ya ɗauke Oscar ɗin fim mafi kyau, fim na farko da ba na Turanci ba da ya yi haka. Alamun suna nan, ni ne na raina su: ya ci Palme d'Or, babbar kyautar Cannes, ya ci kyautar taron 'yan wasa a SAG, kuma Academy ta yi shekaru tana ɗibar sababbin mambobi daga wajen Amurka. Anora ma daga Palme d'Or ya taso ya ci Oscar a 2025. Tun daga nan na ƙara wa Cannes maki a teburina.

13. Duba cancanta kafin komai

Da a ce tsari nake bi, da wannan ne na farko. A 2019 an cire Lionheart na Genevieve Nnaji daga rukunin fina-finan ƙasashen waje na Oscar saboda yawancin maganar cikinsa Turanci ce. Duk wanda ya yi masa hasashe ya yi aikin banza. Wannan ƙa'ida tana cikin abin da ya ba fina-finan harsunanmu dama: kwamitin zaɓe na Najeriya ya tura The Milkmaid, daga baya Mami Wata, sannan Mai Martaba a 2024. Sai dai turawa ba shiga takara ba ce. Ƙasashe sama da 80 ne ke turawa, a tace zuwa 15, sannan 5, kuma babu ɗaya cikin ukun nan da ya shiga 15 ɗin. Idan ka ga an rubuta "fim ɗin Hausa ya shiga Oscar", ka tambaya wane mataki. Abin da zan duba a fim ɗinmu na gaba shi ne ko ya je wani babban biki a waje, da ko yana da mai rarrabawa a Amurka da zai kashe kuɗi ya sa masu zaɓe su zauna su kalla.

14. Rubuta da kwanan wata, ka dawo ka yi wa kanka maki

Ga lambar yabo kada ka rubuta "zai ci". Rubuta kashi cikin 100: wane 60, wane 25, saura 15. Ga ciniki, adadi uku na mataki na 5 da ninkin da ka zaɓa. Ƙarƙashin kowanne ka sa dalili a layi ɗaya, ka ɗauki hoton shafin ka tura wa wani kafin ranar Juma'a, don zuciya gwanar gyara tarihi ce. Idan sakamako ya fito, cire hasashenka daga ainihin adadin, ka raba da ainihin adadin, ka rubuta kuskurenka da jan biro. Duk abin da bai wuce kashi 20 cikin 100 ba ina ƙirga shi a ci.

Bayan fim 20 sai ka karanta jan biron daga sama zuwa ƙasa, za ka ga gefen da kake karkata. Nawa ya nuna ina ƙara wa duk fim ɗin da ke da jarumin Arewa, ina kuma rage wa fina-finan tsoro don ni ba na kallonsu. Yanzu kafin in tura hoton shafi, nakan zaftare kashi 15 daga na farkon, in ƙara 10 a na biyun.